Tsuntsuwar da Ba Ta Isa Kogi na Uku Ba

Duk faɗin unguwar Briqueterie, wadda muke ce wa Birik, da wuya ka sami wanda ya san kakata da sunan Maryama. Shinuwaz ake ce mata, wato 'yar Sin, kuma ba abin da ta tsana a duniya kamar wannan suna. In yaran unguwa suka biyo ta da shi a hanyar kasuwar Mokolo, sai ta juyo da lemarta a ɗage ta ce, "Ubanku ne Shinuwaz!" Ita 'yar Vietnam ce. Kakanmu, Baba Soja, mutumin Garwa ne da Faransa ta kwasa zuwa yaƙin ƙasarsu. Ya dawo da tabon harsashi a cinya da wata 'yar siririyar yarinya mai gashi har gadon baya. Ta musulunta, ta haifi mahaifiyata da kawunnaina, ta binne mijinta a nan Yawunde, ba ta sake taka ƙasarsu ba.

Abin da na fi tunawa shi ne bayan sallar isha'i, musamman da damina, in an ɗauke wuta. Mu jikoki mukan taru a ɗakin girkinta, wani ɗan rufin kwano a bayan gida, ruwa na dukan kwanon har sai an ɗaga murya. Ita tana tsugune gaban murhu, irin tsugunon da ba wanda ya iya sai ita, tana juya masara da 'ya'yan itacen safu a kan garwashi. A kusurwa akwai tulun da take jiƙa ƙananan kifi da gishiri, wanda warinsa ya sa maƙwabta suka kai ƙara wurin mai unguwa. Mu dai mun saba. Ni takan ce mini Maigida, irin wasan kaka da jika, kuma masarar da ta fi ƙonewa ita take ba ni, wai mijin da ba ya cefane ba ya zaɓe.

Hausarta kuwa, Allah ya jiƙan rai, abin dariya ce a wurinmu. Takan haɗiye ƙarshen kalma, muryarta ta yi ƙasa a inda ta kowa ke hawa. Muna kwaikwayonta a bayan idonta, wani lokaci ma a gabanta, ta jefe mu da totuwa. Ko buɗe tatsuniya ba ta yi irin na mutane. Sai ta ce, "Ga ta can, ga ta nesa." Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "Ta matso mu ji ta."

Ta san tatsuniyoyin gizo da ta koya wurin dangin mijinta, amma akwai guda ɗaya tata ta kanta, wadda ba mu taɓa ji a bakin kowa ba. Wai wata 'yar tsuntsuwa ce a ƙasar da gonakin shinkafa suka fi gidaje yawa. Kullum da magariba uwarta takan hau reshe ta kira ta. A nan Kaka sai ta rufe ido ta rera kiran, a hankali, da wata murya mai nauyi da ba mu san ta da ita ba: "Di mo rua, kon oi? Be an kom." Mu ma sai mu rera. Mun haddace shi tsaf. Da na tambaye ta ma'anarsa sai ta ce, "Kai Maigida, kukan tsuntsu ma sai an fassara maka?"

Ran nan guguwa ta taso ta sure tsuntsuwar, ta ƙetare teku da ita, ta yar a tsakiyar kaji. Kajin ba su cuce ta ba. Sun ba ta tsaba, sun ba ta wurin kwana, har ta koyi kukansu. Amma duk magariba sai ta karkata kai tana saurare, ba ta jin komai. Da abin ya ishe ta sai ta tashi neman gida. Ta isa kogin farko, ta tarar da tsuntsaye masu gashi irin nata, baki irin nata. Murna ta kama ta, ta gaishe su. Su kukansu a tsaye yake, mai kaifi, kowane sauti a yanke. Suka dubi juna suka ce, "Wannan kuma me take cewa? Tsakuwa ce a bakinta?" Ta wuce. Ta isa kogi na biyu, tsuntsayen can masu fara'a, kukansu mai taushi, suna jan sa. Suka ce, "Ba mu gane ki ba, amma zauna ki ci." Wani tsoho a cikinsu ya ce mata, "Naku suna kogi na uku, ɗan siriri, tsakanin dutse da teku. Kin wuce ta kansa cikin gajimare. Can ne ake kuka yana yin ƙasa." Tsuntsuwa ta yi godiya, ta buɗe fiffike.

Daga nan sai Kaka ta ɗauki itace ta hau tonon murhu.

"To sai me ya faru?"

"Tana tafiya."

"Haba Kaka! Ta isa ko ba ta isa ba?"

"Na ce tana tafiya. Ku tashi, masara ta ƙare."

Wallahi abin nan yana ba ni haushi. Wace irin tatsuniya ce ba ƙurunƙus? Har yaji na taɓa yi, na ce na saki Kaka saki uku sai ta ƙarasa. Ta ce ta gode, dama auren ya ishe ta.

Akwai shekarar da wata maƙwabciyarmu, Hajiya Dudu, don neman lada, ta je har unguwar Messa ta jawo wata 'yar Sin mai sayar da kwanuka, wai ta kawo wa Kaka 'yar'uwarta su gaisa. Matan nan biyu suka zauna a tabarma suna kallon juna, ba mai jin ko kalma ɗaya ta ɗaya. Ƙarshe da guntun Faransanci suka yi sallama. Muka yi ta yi wa Hajiya Dudu dariya. Ni har da cewa jahilci ba kyau, duk mai ƙananan idanu a wurinsu ɗan gari ɗaya ne.

Na girma na zama tela, shagona yana bakin titi, kusa da masu suya. Kaka ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi hazo, amma kunnenta garau. A shekarun nan ne wasu 'yan Vietnam suka zo aikin kafa eriyar waya. Wata rana ɗaya daga cikinsu, saurayi mai suna Tuan, ya shigo a ɗinka masa kaftani ya kai wa mahaifinsa tsaraba. Ina cikin auna shi wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka ya fara magana. Tef ɗin awo ya suɓuce daga hannuna. Na tambaye shi ƙasarsu, ya faɗa. Ban san lokacin da na riƙe hannunsa ba.

Da gudu na kai labari gida. Kaka ta ce, "Wane gari?" Na ce, "Kaka, Vietnam mana! Ba irin na Hajiya Dudu ba ne, wannan naku ne na gaske." Ban ga dalilin tambayar ba. A nan Birik akwai Bakano, akwai Basakkwace, akwai Bafulatanin Ngaundere da ya koyi Hausa a kasuwa. Muna tsokanar juna, amma ciniki bai taɓa lalacewa don wani bai ji wani ba. Na ɗauka haka abin yake ko'ina.

Ranar da zai zo, tun safe take kai da kawo. Ta sa atamfarta ta salla, ta dafa shinkafa a tukunyar ƙasa, ta tace ruwan kifin nan nata a ƙaramin kwano. Tuan ya shigo da la'asar, ya shaƙi warin, fuskarsa ta washe. Ya rusuna ya gaishe ta. Kaka ta kama hannunsa da hannu biyu, ta buɗe baki. Magana ta yi ta zuba, abin da ta tara tun tana budurwa, tana yi tana haki, hawaye na bin kumatunta. Ban taɓa jin ta yi magana da sauri haka ba.

Ina kallon fuskar Tuan. Murmushinsa ya fara raguwa. Ya matso da kunne, ya ce wani abu. Kaka ta dakata, ita ma ta karkata kai. Ta maimaita a hankali. Ya gyaɗa kai irin na wanda ba ya son ya ba da kunya. Can sai ya juyo gare ni, ya tambaye ni da Faransanci, murya ƙasa-ƙasa, "Ɗan'uwa, me take cewa?"

Ni. Ni da ban san komai ba sai kukan tsuntsu.

Ya yi mini bayani, kunya duk ta rufe shi. Shi ɗan arewacin ƙasar ne, babban birni. Ita kuwa daga tsakiya take, wani ƙauye a bakin teku, kuma maganar mutanen can ko a gida sai an kasa kunne sosai, don muryarsu ƙasa take yi, kalmominsu ma na yau da kullum daban ne. Ga shi nata tsoho ne, ga Hausa ta shiga cikinsa. Yana tsintar kalma nan da can, amma zancen ba ya haɗuwa. Ita ma rabin nasa take kamawa. Haka aka ƙare ziyarar: Kaka ta faɗa da Hausa, ni in juya da Faransanci, shi ya amsa, in mayar mata. Ya ci shinkafa ya yi ƙari, ya yabi ruwan kifi. Yaron kirki ne, ba laifinsa.

Da ya tafi na dawo na same ta zaune gaban kwanonta, ba ta taɓa shi ba. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Maigida, ɗan kogin farko ka kawo mini." Na tsaya a bakin ƙofa. Sai a lokacin, da gemuna da 'ya'yana, na gane ko wace ce tsuntsuwar.

Tuan bai manta ba. Ya dawo ya ce akwai abokin aikinsu, wani dattijo Bin, ɗan yankin su Kaka, yana can wajen Marwa, zai sauko Yawunde in sun gama aikin da suke yi, wajen ƙarshen damina. Na gaya mata. Daga ranar kullum in na shigo gaishe ta sai ta ce, "Ruwa ya ɗauke?" In ce saura kaɗan. Wanda ya san Yawunde ya san ruwanta ba ya jin roƙo. Ta fara rage cin abinci, ƙafafunta suka kumbura. Na kira Tuan, ya ce a ƙara haƙuri, aiki ya ja. Na ce a haɗa ta da Bin ta waya, ta ƙi. Ta ce ta gaji da cewa "me?", tana son ta ga bakin mutum yana motsi. Wata Alhamis da hantsi, ana yayyafi, Allah ya karɓi abarsa.

Bin ya iso bayan an yi sadakar bakwai. Gajere ne, mai furfura, ya cire takalmi ya zauna a tabarmar gaisuwa kamar ɗan unguwa. Ba ni da abin da zan ba shi. Ban san me ya tunzura ni ba, sai na ce masa akwai wata waƙa da take yi mana. Na rufe ido na rera, yadda take yi: "Di mo rua, kon oi? Be an kom."

Dattijon nan ya sa hannu ya toshe bakinsa. Da ya iya magana ya ce, "Wa ya ba ka muryar uwata?" Ya ce ba waƙa ba ce. Kira ne da kowace uwa a ƙauyukansu take yi da yamma: "Ina za ka haka, ɗana? Dawo gida ka ci shinkafa." Ya manta ba na ji, ya ci gaba da yi mini magana da harshensu, muryar tana sauka, tana nauyi, sak ta Kaka. Ban katse shi ba. Mahaifiyata, wadda ke bayan labule, ta fito ba mayafi, ta durƙushe tana kuka. Ta ce da wannan muryar Kaka take magana cikin barci tun suna yara. Ɗakin Kaka yana nan a buɗe, taku kaɗan daga inda yake zaune.

Da ina yaro na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kada yaro ya yi nisa da gida. Yanzu na san ba don mu take yin ta ba. Kiran uwarta take son ji, kuma a duk garin nan ba mai yi mata shi, sai ta koya wa jikokinta su rera mata, ba tare da ta gaya musu ba. Mu muna can muna rigimar ƙurunƙus. Abin yana ci mini rai har yau, kuma ba na jin zai daina. Shi ya sa in baƙo ya shigo shagona na ji Hausarsa ta Sakkwato ce ko ta Damagaram, ba na tsokanarsa kamar da. Nakan tambaye shi garinsu, in sa a kai shi wurin mutanen garin.

'Ya'yana ma ina yi musu tatsuniyar, a ɗakin girkin nan dai, ko da yake yanzu gas ne ba murhu ba. Sun haddace kiran. Nakan tsaya a inda take tsayawa. Kwanan baya autata, takwarar Kaka, ta ƙi yarda. Ta riƙe rigata ta ce, "Baba, ka faɗi gaskiya. Ta isa kogin?"

Na ce, "A'a, Maryama. Kogin ne ya zo har gida, ya tarar ta tashi."