Ƙasar da Yaya Habu Ya Auna a Soron Inna

Damina tara ke nan ta sauka a kan soron Inna babu Yaya Habu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ni ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma sana'ata hatsi, in saya a ƙauyukanmu na wajen Makoda in kai kasuwar Dawanau. Shi kuwa injiniya ne, yana koyarwa a wata kwaleji a birni har ciwon ajali ya same shi. Duk shekara in lokacin ya zagayo, addu'a muke yi mu watse. Bana ne na ga sai na rubuta, domin rabin wata magana tasa ya kusa sa rufi ya danne mana uwa, sauran rabin kuma shi ya fito da ita.

Soron nan kakanmu ne ya gina shi. Ginin ƙasa ne, rufin azara, wato itacen giginya da ake tsagawa a jera a ɗora ƙasa a kai. A ciki Inna ta haife mu duka. Da maƙwabta suka fara komawa bulo da kwano, muka ce a rushe a yi mata na zamani. Ta ce kwano zafi, kuma ba ta ga laifin da ɗakinta ya yi ba. Gardama ta yi tsawo, sai Yaya ya ce a daina musu a kan abin da ake iya lissafawa, a ba shi lokaci ya duba ko rufin zai ci gaba da ɗaukar kansa.

A zaure ya fara nuna mini aikin, wata rana bayan la'asar. Ya zana soron a kwamfuta, sai manhajar ta yayyanka zanen ƙanana-ƙanana kamar ragar kamun kifi. Ya ce kowane ɗan gida a ragar nan ana lissafa nauyin da ke kansa da yadda zai lanƙwashe, sannan a haɗa su duka a ga inda ginin yake shan wahala. Na ce to ai an gama, danna mu gani. Ya yi dariya ya ce injin bai san da me aka yi soron ba tukuna. Ya buɗe mini wurin da ake zaɓar kayan gini, ga ƙarfe iri-iri, ga kankare, ga gilashi, har roba. Amma babu jar ƙasar da aka cuɗa da ciyawa, babu azara. Don ya tsokane ni, sai ya gaya wa injin cewa soron Inna na ƙarfe ne, zanen ya fito shuɗi tas, alamar lafiya lau. Ya goge ya saka lambobin wani abu mai laushi, nan take rufin ya yi jawur.

"Duk abin da ka gaya masa yarda yake yi," in ji shi. "Ba ya musu, shi ya sa nake tsoronsa."

Ni dai a nan na fara ganewa, don na san buhun gero da buhun gyada mai ɓawo girmansu ɗaya, amma ɗan dako ba ya jin nauyinsu ɗaya a wuyansa. Abin da injin yake so a gaya masa shi ne nauyin abu, da taurinsa, wato yadda yake ƙin lanƙwasa in an danna shi, da yadda yake kumburowa ta gefe in an matse shi ta sama, sai kuma inda haƙurinsa yake ƙarewa ya tsage. Na ce ba a rubuce suke a littattafanku ba? Ya ce akwai, abokan aikinsa ma sun turo masa. Tambaya ɗaya ya yi musu, kuma ita ce ya yi ta maimaitawa a gidan nan har yara suka haddace: ƙasar wane gari aka auna?

Daga nan gidanmu ya koma wurin gwaji. Ya ƙwace mini sikelin awo, ya ari daron wankin Inna. Ya sa aka yi tubali da ƙasar kududdufin bayan gida, inda kakanmu ya ɗebi ta ginin. Ya auna su a bushe, ya jiƙa ya sake aunawa, don a cewarsa ƙasar bazara da ta tsakiyar damina suna ne kawai ya haɗa su. Wasu tubalan ya naɗe su da tsumma kamar ƙwai ya kai birni a murƙushe su a inji, kwandastan motar haya yana ta kallonsa yana girgiza kai. Azara kuwa ɗora ta ya yi a kan turame biyu, ya rataya mata buhunan gerona a tsakiya, ya durƙusa yana auna yadda take sunkuyawa. Ya ce hali biyu gare ta, ta tsawo tana da ƙarfi, ta gefe kuwa tsagewa take yi kamar rake, don haka kowane hali sai an shigar da shi daban. Mutanen gari suna wucewa suna cewa boko ya taɓa Habu, shi kuwa har kiran su yake su zo su riƙe masa igiya.

Da ya gama shigar da lambobinsa, zanen ya fito shuɗi, sai ɗan ruwan ɗorawa a bakin azarori. Ya ɗauki kwamfutar ya kai wa Inna har bakin gado, ina tsaye.

"Inna, zai ɗauke ki," ya ce, "muddin ƙasar nan ce da azarar nan."

Inna ta yi murmushin wanda ya ci shari'a, ta kalle ni ta ce to mai rushe-rushe, ka ji. Shekara ba ta zagayo ba muka binne shi.

To, mu a nan muna da al'ada. Kafin ruwa ya sauka, mazan gida sukan hau rufin uwarsu su yi masa yaɓe, a toshe tsaga a gyara indararo. Ko wanda yake birni yakan zo, don abin kunya ne a ce ɗakin uwarka yana yoyo kana raye. Bayan rasuwar Yaya sai muka ƙara ƙaimi, babu mai son a ce tunda Habu ya tafi an bar Inna. Kowa ya hau sai ya ɗora tasa da kauri. Ga shi ƙasarmu a matse take, gona na jingine da gona, har kududdufin nan aka cike aka yi wa wani ɗan'uwanmu gida a kai. Sai muka koma sayen ƙasa a tifa, duk inda direba ya ɗebo. Itatuwan ɗorawa da ake samun makuba a shafe rufi don ya kori ruwa su ma sun yi ƙaranci, sai aka riƙa shafa ɗan siminti a sama. Shi kuma in ya tsage ruwa ya shiga, ba ya barinsa ya fita. Babu wanda ya ga an canza wani abu a cikinmu, mu a wajenmu ƙasa ƙasa ce.

Ƙarshen daminar bara ƙofar soron ta fara cijewa. Da na ɗaga kai na ga azarorin tsakiya sun yi ciki, kuma da safe matata takan share ɓurɓushin ƙasa a kan shimfiɗar Inna. Muka taru muka roƙe ta ta koma wani ɗaki. Amsarta ɗaya ce, Habu ya ce zai ɗauke ta. Na yi lallashi, na yi faɗa, na turo liman, duk a banza. Wallahi na ji haushinta, na ji haushinsa shi ma, Allah Ya yafe mini, kuma tsoro ya hana ni sakewa duk rani. Ta yaya za ka yi musu da wanda ba ya nan, a gaban uwar da ta haife shi?

Da bazara ta kama sai ga Sadiya, babbar 'yarsa, wadda ita ma ta gama karatun injiniya. A hannunta na ga abin da har yau nake tambayar kaina me Yaya zai ce a kai. Ta tambayi wayarta taurin ginin ƙasa, da baki fa, kafin in gyara zama lambobi sun fito reras. Abin da ya ci masa watanni da turame da buhuna! Shin murna zai yi ko tsaki? Na san halinsa, ba mai ƙin sabon abu ba ne. Zai karɓi wayar ya wuni yana yi mata tambayoyi kamar ya sami baƙo daga nesa, zai so ya san inda ta ji da wanda ya gaya mata. Amma ina da yaƙinin kafin magariba sai ya yi mata tambayar nan tasa, kuma ina son in ga fuskarsa in ta rasa amsa.

Sadiya ta ce ba za ta yi aiki da lambobin waya ba, na ce madalla. Sai ta ƙara da cewa na babanta ma ba za ta yi aiki da su ba. Nan raina ya ɗan sosu, na ce ke yanzu har kin fi shi? Ta ce a'a Baffa, lambobinsa gaskiya ne, amma gaskiyar rufin wancan lokacin. Haka na sake rasa sikelina da buhunana. Ta zaro azara daga tsohon zaure, sa'ar ta soron, ta ɗora a turame, kuma tun kafin a gama rataya buhuna muka ga ta sunkuya fiye da yadda na sani, gara ta yi mata aiki ta ciki. Ta hau rufin ta haƙa ɗan rami, sai ga ƙasa hawa-hawa, ja a can ƙasa, wata mai toka-toka a sama, mai riƙe ruwa. Ta shigar da kowacce da halinta, a bushe da a jiƙe. Da ta saka na damina, ja ya fito a tsakiyar rufin, daidai saitin gadon Inna.

Muka kai mata kwamfutar. Ta duba da kyau, ta ture ta da bayan hannu.

"Naki ja, na ubanki shuɗi. Ni na ubanki na sani."

Ta ƙara da cewa yarinyar da ta goya jiya ce za ta koya mata ɗakinta. Na buɗe baki zan fara, Sadiya ta girgiza mini kai. Ta ce wa kakarta ta ara mata daron nan na wanki. Ta zuba ruwa kaɗan, ta saka curi biyu da ta sauko da su daga rufin, ɗaya ja ɗaya mai toka, ta ajiye a gabanta. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta tsoma hannu. Ta murza jar, ciyawar cikinta tana nan tana riƙe da ita. Ta ɗauko ɗayar, ta yi nauyi ta yi danƙo, tana zamewa ta tsakanin yatsunta.

"Wannan ba ita Habu ya jiƙa ba," ta ce a hankali. "Muddin ƙasar nan ce, haka ya faɗa."

Ashe ba ta manta ba. Duk shekarun nan ina zaton rabin maganar ne ya shige ta, ashe duka tana riƙe da ita. Abin da ba ta so shi ne a ce maganar ƙarshe da ɗanta ya yi mata a kan ɗakinta ta tashi daga aiki. Ta wanke hannu ta ce mu sauke duk abin da muka ɗora, har zuwa ƙasar da Habu ya auna. A ranar ta koma ɗakin matata da tabarmarta da carbinta. Da muka sauke ƙasar muka iso azarorin da ke saitin gadon, akwai wadda na danna da babban yatsa ya shige. Na zauna a kan katanga na yi kuka, ban damu da wanda yake kallo ba.

In ana lissafin abin da mutum ya bari, ni da na ɗauka zanen nan shuɗi ne gadon Yaya Habu a gidanmu. Yanzu na ga shi ma yana da wa'adi kamar azara, ya yi aikinsa ya ƙare. Abin da bai ƙare ba shi ne ƙin yarda da suna har sai an taɓa abu an auna shi. Yana hannun 'yarsa, ya ɗan shiga nawa, don yanzu ko buhu aka kawo mini sai na tambayi gonar da ya fito. Amma inda ya fi zama daram ban zata ba.

Ana sake rufin yanzu da sababbin azarori, Sadiya tana aunawa kafin a ɗora komai. Inna kuwa ta sa an kai mata kujera ƙofar gida, daronta a gefe da ruwa a ciki. Har ta mayar da tifa guda, direban yana rantsuwa tana murza ƙasarsa tana girgiza kai. Da na biyu ya iso, bai ma kashe mota ba ta ɗaga masa hannu.

"Tsaya tukuna, ɗan nan. Ƙasar wane gari ce?"