Maficin Inna da Tambayar da Ba Ta Gajiya da Yi

Kafin masu awon ciki su cika bencin gaba, Inna Mai Mafici ta riga ta zagaya bayan asibiti ta buɗe ɗakinta. Ɗakin dai tsohon sito ne da aka kwashe karyayyun gadaje aka bar mata: taga ɗaya, dogon benci, da sikelin da sai an ɗan buge shi yake faɗin gaskiya. Takan share, ta cika kula da ruwan sanyi, ta jera mafitai a kan bencin, sannan ta zauna jiran waɗanda za su leƙo kamar sun yi ɓatan hanya.

Nas ce, kuma ta karɓi haihuwa har ba ta san iyaka ba, amma ba can ta samo sunanta ba. A asibitinmu masu ciki suna da ranarsu, yara suna da ranar rigakafi. Macen da ta gama haihuwa kuwa, al'ada ta fara yi mata wasan ɓuya, ba ta da rana, ba ta da ƙofa. Inna ce ta yi ta naci har aka gaji da ita aka ba ta siton, kuma abokan aikinta suka yi ta tsokanarta wai ta buɗe majalisar tsofaffi. Mu ma mun taya su dariya.

Matan da ke zuwa wurinta ba sa shigowa da maganar kai tsaye. Wata ta ce ciwon kai ne, wata ta ce makwabciyarta ce ta aiko ta. Inna ba ta musu. Sai ta miƙa mafici ta ce, "Fara fifita, 'yar'uwa, magana ba ta gudu." Kafin iska ta gama ratsa wuya, baki ya buɗe. Wani zafi ne ke tasowa daga ƙirji ya mamaye fuska, zufa ta jiƙa riga ko da ana sanyi, barci ya ƙaurace, zuciya ta yi kusa har a yi faɗa da maigida a kan murfin tukunya. Wata tana zaton jifa aka yi mata, wata kuma tana kuka a ɓoye don tana ganin hankalinta ne ya fara taɓuwa.

Inna takan gaya musu cewa ba jifa ba ne, ba hauka ba ne, jiki ne ke sauya sheƙa, kuma kowace mace da Allah ya ba tsawon rai sai ta bi ta nan. Ta auna musu jini, ta ce a rage gishiri da sukari, a ci ganye, a sha madara saboda ƙashi, a sa tufafi marasa nauyi, a taka ƙasa da ƙafa kullum maimakon a aiki jika ko ɗauko cokali ne. Wadda abin ya tsananta mata, Inna da kanta ke raka ta gaban likita. Ta kuma gargaɗe su cewa kafin shekara ta cika da ɗaukewar jinin, ciki na iya shiga, kada a tashi yin goyo tare da suruka. A nan ne dariya ke ɓarkewa a ɗakin.

Amma akwai tambaya ɗaya da ba ta yi da dariya. Duk wadda za ta fita sai ta tsayar da ita ta ce, "Tun da ya ɗauke, ya taɓa dawowa? Ko ɗigo ne?"

Tambayar tana da tushe, kuma tushen mai ɗaci ne. Yayar Inna, wadda ta goya ta ta kuma kai ta makaranta, ta daɗe da daina ganin al'ada, sai jinin ya dawo. Matan gida suka yi ta yi mata ba'a wai ta koma budurwa. Ita kuwa abin da ya dame ta guda ne, ko ta ci gaba da salla ko ta dakata, kuma wannan kaɗai ta aika aka tambayo mata. Ba wanda ya ce ta je asibiti. Inna na can wani gari tana aiki, kunya ta hana yayar gaya wa ƙanwar da ta goya. Lokacin da labari ya iso, ciwon dajin mahaifa ya riga ya ci ƙarfinta. Da na sani ƙeya ce, kuma Inna ta ɗauki tata ta shigo da ita wannan sito.

Shi ya sa ranar da wata mai sayar da kwanuka ta amsa tambayar da cewa eh, yana ɗan leƙowa, amma ai ƙarfin jiki ne, Inna ta ce gobe ta dawo a duba ta. Ba ta dawo ba. Inna ta bi ta kasuwa, ta tsaya a rumfarta tana juya kwano kamar mai ciniki, ta rage murya ta sake tuna mata. Matar ta ji haushi ƙwarai, ta ce ta zo ta tona mata asiri a gaban jama'a, ta kore ta. 'Yan kasuwa sun shaida Inna ta sake dawowa, ta kuma dawowa, har sai da ta ce mata, "Hajiya, ki zage ni in kin so. Na riga na binne mace ɗaya saboda kunya, ba zan iya binne ta biyu ba." Washegari matar ta zo da 'yarta. Aka tura ta babban asibiti, aka tarar ciwon bai yi nisa ba, aka yi mata aiki. Yau tana nan a rumfarta tana yi wa masu taya kwano da arha tsiya.

Inna, ke ce ƙofar waɗanda ba su da ƙofa. Ke kika saurari iyayenmu lokacin da mu muke cewa tsufa ne ya sa su mita. Ke kika kira mazansu gefe kika ce su yi haƙuri, su bar taga a buɗe. Abin da ke min ciwo shi ne mun daɗe muna wuce ɗakinki ba mu taɓa leƙawa mun ce sannu da aiki ba.

A ƙarshen watan nan Inna za ta yi ritaya, kuma an ce ɗakin zai koma sito. A ɗan taron da aka shirya mata, masu jawabi sun yaba jariran da ta karɓa, ba wanda ya ambaci bencin baya. Sai mai kwanuka ta miƙe ba tare da an kira ta ba, ta ce ita ba ta iya jawabi ba, mafici ɗaya kawai take roƙo, za ta ajiye a rumfarta, duk sa'arta da ta zo sayen kwano sai ta ji tambayar. Inna ta miƙa mata mafitan duka. Sannan ta ce a hankali, "Da Yaya ta samu mai kwanuka irinki." Ba ta iya ƙarasawa ba.

Mun gode, Inna Mai Mafici. Allah ya saka miki, ya jiƙan Yaya, ya ba ki lafiyar cin moriyar hutunki. Mu kuwa da muka rage, ɗakin za a rufe shi, amma kowannenmu yana da uwa ko yaya ko mata a gida. Ku zauna kusa da ita yau, ku miƙa mata ruwa, ku ajiye kunya ku tambaye ta: tun da ya ɗauke, ya taɓa dawowa?