Malam Taɓa-ka-gani da Zaren Gilashi

Aikina a ɗakin gwajin haske na tsangayar injiniya shi ne goge madubai da jera kaya. Na ga malamai da yawa, mafi yawansu baki ne da allo. Mutum ɗaya ne ya sa na daina ƙorafin ciwon baya, wanda ɗalibai suka laƙaba wa Taɓa-ka-gani.

Dokarsa ita ce ba ya rubuta lissafi sai ɗalibi ya shigar da hasken leza cikin zaren gilashi, siriri kamar gashin kai, ya fito ta ɗaya bakin. Madubai biyu ne a kan tebur, kowanne da 'yan notuka. Ka murɗa fiye da kima, haske ya ɓace. Shi kuwa a da, yana hira yake murɗawa, jan ɗigo ya bayyana.

Sai ciwo ya kwantar da shi. Ya tashi hannuwansa na rawa. Matarsa ce ke ɓalla masa maɓallin riga, ƙaninsa ke kawo shi a mota. Idan ya dafa teburin gwaji, hasken sai ya kama tsalle a bango. Shugaban sashe, mutumin kirki ne, ya ce a tausaya masa, a rufe darasin gwajin, a mayar da shi aji ya riƙa magana kawai. Malam ya roƙe shi ya zo ya gani da idonsa tukuna.

Ranar, na rufe labule, na raba tabarau na kariya. Malam ya tsaya nesa da tebur, ya haɗa hannuwansa a baya. Ni na ɗauka zai kira yarinyar da ta fi kowa natsuwa. Sai ya kira Makanike, wani ƙato da ya tashi a garejin babansa, wanda ya taɓa goge mini madubi da gefen riga.

Makanike ya kama noti ya murɗa, ɗigon ya koma silin. Aji ya kwashe da dariya.

“Ɗana, ba tayar mota kake kwancewa ba,” in ji Malam. “Kar ka juya. Ka yi niyyar juyawa kawai.”

Haka ya yi ta bi da shi. Ya ce ya sauke numfashi kafin ya taɓa, ya ɗauke cikinsa daga tebur, ya bar madubi na biyu sai na farko ya zauna. Duk abin da yatsunsa suka sani shekara da shekaru, ranar na ji shi a baki. Na kaɗa ƙurar alli, layin hasken ya fito ja, miƙe, kamar an ja igiya.

Zaren a naɗe yake, ya zagaya ɗakin ya bi bayan kabad. Malam ya sako hannu ɗaya daga baya ya riƙe bakinsa na ƙarshe. Can sai hasken ya shiga zaren. Hasken da ba ya lanƙwasa ya bi duk lanƙwasar nan, ya fito tsakanin yatsun da ke rawa. Ni da nake ganin abin kullum, tsigar jikina ta tashi.

Shugaban sashe ya matso ya leƙa, ya dafa tebur da gwiwar hannu. Haske ya ɗauke.

“Ranka ya daɗe, ɗan ɗaga hannunka,” in ji Makanike.

Ya ɗaga. Yaron ya sauke numfashi, ya taɓa noti da waɗannan yatsun nasa masu kauri, ɗigon ya dawo.

Shugaban ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo ya tambaye ni ko akwai sauran tabarau, wai yana so ya gwada. Ya ɗauki lokaci, Makanike na yi masa gyara.

Ba a rufe ɗakin ba. Malam har yanzu hannu a baya yake koyarwa, ni kuma ina goge madubai.