Gwaten Maman Rifkatu

Ranar wata Litinin a ranin shekarar 2004, tumatir ya nuna har ana shanyarsa a bakin titin Kura, Malam Sani ya shigo ajinmu na biyar da hularsa a hannu, cike da ƴan takardu a nannaɗe. Ya ce kowa ya zari ɗaya, waɗanda lambarsu ta zo ɗaya sun zama rukuni. Aikin shi ne mu zaga gidajen juna, mu ci abinci, mu koyi gaisuwa da wani aikin gida, ranar Juma'a ta sama kuma mu nuna a asambuli. "Wanda bai ci tuwon gidan wani ba," in ji shi, "gani yake babarsa kaɗai ta iya tuƙi." Ni na faɗo tare da Rifkatu, ƴar mutanen Filato da babanta ke aiki a injin casar shinkafa, da Hajjo, Bafulatana daga rugar da ke hayin kanal ɗin ban-ruwa, wadda shekara biyu muna aji ɗaya ban taɓa jin dariyarta ba.

Gidanmu muka fara. Inna ta sa su juya shinkafar da ta turara ta shanya a tsakar gida, Rifkatu tana tsalle saboda zafin ƙasa, kaji suna binmu muna kora. Muka yi carafke a gindin darbejiya, sannan aka kai mana tuwon shinkafa da miyar kuka ɗaki, mu uku kaɗai, aka sako labule. Hajjo ta ci har da suɗe kwano.

Washegari muka je gidan su Rifkatu. Mamanta ta koya mana wanke acca a ƙwarya, ana rairaya yashi a hankali, ta yi gwate da yakuwa da gauta, ƙamshi har waje. Su kuwa al'adarsu tare ake ci, uba da uwa da yara a tabarma ɗaya. Babanta ya dawo duk jikinsa dusa, ya wanke hannu, ya yi addu'arsu, ni ma na yi bisimilla a raina, ya zuba mana da hannunsa don karramawa. Sai Hajjo ta ja mayafi, ta juya fuska bango. Aka yi lallashi, aka yi barkwanci, ko cokali ba ta taɓa ba. A hanya Rifkatu ta tsaya a kan gadar kanal idonta cike da hawaye, ta ce, "A gidanku ta ci. Namu ne take ƙyama don mu Kirista ne. Ba zan je rugarsu ba, gobe zan ce Malam ya canza mini rukuni." Allah Ya yafe mini, ni ma abin da na zata ke nan.

Na koma gida, na tarar da kakata Iya tana tsinkar zogale, na kwashe labari na faɗa mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ke ƴar nan, Bafulatana za ta buɗe baki ta tauna abinci gaban babban namiji? Ko yunwa za ta kashe ta! Kunya ce, ba ƙyama ba." Ban ko sa takalmi ba, na bi gefen gonakin albasa da gudu na kai wa Maman Rifkatu labarin. Ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, ashe mu muka hana baƙuwa ci!" Ta ce mu dawo Laraba.

Ran Laraba ta sake gwate, ta kori maigidan da wasa: "Baba, yau a inji za ka ci naka, mata ke da gida." Ta shigar da mu kicin ta ja ƙofa. Hajjo ta ci kwano ɗaya, ta saci kallon tukunya, aka ƙara mata. Da Rifkatu ta tambaye ta dalilin da ya sa ba ta yi bayani ba, sai ta ce faɗin ma ai abin kunya ne. Ran nan na fara jin dariyarta. Asabar muka tafi ruga mu uku, muka koyi gaisuwarsu ta "jam waali" da kaɗa nono, Rifkatu ta gwada tatsa, saniya ta make ta da jela. A asambuli abin da ya faru muka kwaikwaya, ni ce Baba da gashin bakin gawayi, har hedimasta sai da ya share hawayen dariya.

Yanzu adaidaita ke kwasar ƴaƴana daga ƙofar gida zuwa ƙofar makaranta, ba su san gidan ko abokin benci ɗaya ba. Su Rifkatu sun daɗe da komawa Filato, Hajjo ta yi aure can wajen Bunkure, sai a biki muke haɗuwa. Allah Ya sada mu da alheri. Amma har yau in baƙuwa ta ƙi cin abincina ba na ɗaukar fushi, sai in duba wa ke zaune a wurin, in ce maigidana ya ɗan koma zaure. Sau da yawa kwanon a wanke yake dawowa.