Ƙyallen da ban ɗaura ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Ummata, Allah ya jiƙan ta. Duk shekara sai in ce bana zan yi shiru, amma ina! Na gaji da riƙon maganar nan ni kaɗai.

Gyale take sayarwa a bakin tashar motocin Kudai, a Makka. Cikin masu sayen kayanta akwai matan ƙauyukan Azarbaijan, tsofaffi masu haƙoran zinare. Ba ta jin yarensu, ba sa jin nata, amma sai su wuni suna hira da hannu. A haka ta gane cewa a ƙauyensu akwai wani dutse da suke ziyarta, suna ce masa pir, da bishiya a kansa. Mai damuwa yakan yagi ƙyalle ya ɗaura a reshe, ya faɗa wa Allah bukatarsa, ya sauko.

Wata rana wata tsohuwa daga cikinsu ta yagi bakin koren gyalenta ta damƙa wa Umma tana kuka. Ɗanta ta baro a kwance ba lafiya. So take a ɗaura mata a kan dutsen Jabalun Nur, ga shi gwiwa ta ƙi. Ita ma Umma ba ƙafar hawan gare ta ba, sai ta miƙo min.

"Babana, hau mata. Amana ce."

Lokacin ina ji da karatu, kaina na hayaƙi. Na ce, "Umma, wannan fa bidi'a ce." Ta ce, "Na sani, ya waladi. Kai dai je ka." Na karɓa, na sha kwana, na jefa shi a kwandon shara, na zauna shan shayi a unguwar Utaibiyya har la'asar. Da na dawo na ce na ɗaura. Tsohuwar ta rungume Umma, ita kuwa Umma ta dafa kaina ta yi ta sa min albarka.

Yau Kudai ta canza, inda Umma take shimfiɗa kayanta ya zama titi. Da za ta dawo, ban jin dogayen benayen za su dame ta. Tambaya za ta yi, su wa ke zama su saurari tsofaffin nan yanzu?

Har gobe ban yarda da ɗaurin ƙyalle ba, kuma na san ita ma ba shi ta ɗauka da girma ba. Uwa ta gani tana kuka, ta kasa ce mata a'a. Ni da na fi ta karatu, ko sunan yaron ban tambaya ba, balle in yi masa addu'a.

Shekara shida Umma ta yi a raye bayan wannan, kullum ina cewa gobe zan faɗa mata. A ciwonta na ƙarshe, a gabana ta ce wa ƙannena su yi koyi da ni, wai ni ban taɓa yi mata ƙarya ba.