Hoton Shugaba a Bangon Rahoto

Wani sabon ma'aikaci, wanda bai daɗe da gama jami'a ba, yana zaune a shagon buga takardu. Ɗazu shugabansa ya wurgo masa rahoton shekara na ƙungiyarsu, ya ce ya gyara ko ya nemi wani aiki.

A gabansa wata mata ce, alli a gefen mayafinta. Da gani manya take koya wa karatu.

"Cire hoton shugaba daga bangon rahoton nan, ɗana, sa ɗalibanmu," take ce wa mai shagon. "Su ne masu ba mu tallafi ke son gani."

"Hajiya, zai kore ki fa!" in ji mai shagon.

"Mijina ne. In ya kore ni, wa zai nemo masa tabarau?"

Saurayin ya dubi nasa bangon: hoton shugaba har uku.

"Ni cire min biyu," ya ce. "Nawa ba mijina ba ne."