Gilasan Rana a Tudun Kaya

Ina koyarwa a firamare a Tudun Kaya, zamanin soja, aka yi shela a kasuwar Karaye cewa gwamnati ta kafa doka: duk wanda ya sare ɗanyen itace zai gamu da hukuma. Ba a daɗe ba sai ga wasu mutane daga Kano da faffaɗan gilasai a bayan mota. Suka ce za su kafa mana famfo mai aiki da hasken rana, ba gas, ba hayaƙi. Babbansu ba ya jin Hausa, don haka mai unguwa ya sa ni tafinta.

Gwaggona, yayar mahaifina, daddawa take yi, kuma kalwa ba ta dahuwa sai da itace mai yawa. Ta tare ni a zaure.

"Kai da ka ji bakinsu, me suke so a wurinmu?"

"Ruwa za su ba mu, Gwaggo. Kyauta."

"Sun hana mu itace, yanzu kuma sun zo su kama rana. Wata rana sayar mana da ita za su yi."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Famfon ya yi aiki sosai, mata suka huta da guga. Gwaggo dai ba ta taɓa shan ruwansa ba. Sai ta tsaya daga nesa tana kallon wayar da aka kewaye gilasan da ita.

Bayan kaka, da rana tsaka, wata mota ta zo da mutum uku cikin kayan aiki. Suka ce za a kai gilasan gyara. Ni aka kira daga aji, na ji ta bakinsu, na ce wa mai unguwa ba komai. Matasa ma suka taya su lodi.

Shiru, shiru, gilasan ba su dawo ba. Na hau babur na je sakatariyar ƙaramar hukuma a Karaye. Jami'in da na samu ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, wane gyara? Mu ba mu aiki kowa ba."

Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa mini ba. A gari kuwa wasu suka zargi mai gadin famfon, wasu mai unguwa, wasu ni. Ba wanda ya furta a gabana, amma gaisuwa ta gajarce. Da hutu ya zo na nemi canjin makaranta, aka mayar da ni Rogo.